Ƙarar da ke kunnena da ƙwayoyin da ke aljihuna

Shekara shida kenan ina tare da wata ƴar ƙara a kunne. Siririya ce, wiiii, kamar kukan gyare can nesa, kuma ba wanda yake jin ta sai ni kaɗai. Da rana mantawa nake da ita kwata-kwata sbd hayaniyar aiki da ta mutane tana danne ta, sai dare yayi an kashe komai na ɗora kai a filo sannan ta ce salamu alaikum gani nan. Likitoci tinitus suke ce mata. Farkon zuwanta na tsorata sosai, har na ɗauka kurumcewa zanyi, amma da aka gwada jina aka ce ɗan abin da ya ragu kaɗan ne, a sautuka masu siriri, kuma mai yiwuwa shekarun da nayi ina toshe kunne da iyafis ina ƙure murya ne suka jawo, sai na haƙura muka saba da juna ni da gyaren nawa. Kuma ashe muna da yawa, wani babban nazari da ya fito a mujallar JAMA Neurology a 2022 ya ƙiyasta manya sama da miliyan 740 a duniya suna jin wannan ƙara, kusan kashi 14 cikin ɗari kenan, wasu sama da miliyan 120 kuma tasu mai tsanani ce har tana hana su sakat.

Toh abinda yasa na zauna rubutun nan ba tarihin ƙarar bane, wani abu ne da ya same ni watannin baya wanda har yanzu in na tuna sai naji kunya, domin da hannuna na jawo shi.

Haƙori ne ya tasa ni gaba, turmi na can ciki ɓangaren hagu. Ni kuwa wlh ina tsoron kujerar likitan haƙori kamar me, sai na ce bari in lallaɓa shi da magani ko zai kwanta da kansa. Na fara da ibufurofen mai 400, safe da rana da dare. Kwana biyu ya daina riƙe ni har dare, sai na ƙara na huɗu wajen ƙarfe biyun dare in zugin ya tashe ni. Zugin ya hau kai, gefen kaina ɗaya yana sara, sai na haɗa da wani maganin ciwon kai irin wanda ake jefawa a ruwa yana tafasa shuuu ya narke, biyu-biyu nake jefawa, a rana sai in yi sau uku ko huɗu. Ana cikin haka mura ta kama ni, na ƙara da maganin mura. A lissafina magani uku nake sha na ciwo uku daban-daban, na haƙori, na kai, na mura, kowa da aikinsa ba ruwan wani da wani. Ko sau ɗaya ban juya kwalin na karanta ƙananan rubutun da ke baya ba.

Dare na shida ko na bakwai na farka na ji duniyar ta canza. Gyaren nan da yake can nesa ya dawo cikin kaina tsundum, kuma ba shi kaɗai ba, akwai wani ƙugi a ƙarƙashinsa kamar an kunna inji a ɗakin da ke kusa, kunnuwa biyun duka. Sannan kunnen ya toshe kamar an cusa mini auduga. Matata tana mini magana daga bakin ƙofa ina ganin bakinta yana motsi amma maganar kamar daga cikin rijiya take fitowa. Na tashi na zagaya gidan ina neman abin da aka bari a kunne, na duba firij, na duba soket, har waje na leƙa. Ba komai. Na dawo na zauna a bakin gado na toshe kunnuwa da yatsu, ƙarar ma sai ta ƙaru, a nan na tabbatar daga ciki take. Kuma kun san abin dariyar? sbd tashin hankali kaina ya sake sarawa, na tashi na jefa wasu biyun a ruwa na shanye.

Washegari da na kira asibiti, matar da ta ɗauka tace in zan zo in kwaso duk wani magani da nake sha, da kwalinsa, har wanda nake ganin ba komai bane. Na zuba su a leda na tafi. Likitar ta zazzage ledar a kan tebur tana jujjuya kwalayen ɗaya bayan ɗaya tana karantawa, tana rubuta lamba a gefen takarda, bata ce uffan ba har ta gama. Sannan ta ɗago tace, Malam ka san me ke cikin wannan mai narkewar? Nace maganin ciwon kai. Tace asfirin ne. Kai kuma kana shan sa a kan ibufurofen, su biyun dangi ɗaya ne hanya ɗaya suke bi, bai kamata a haɗa su ba tun farko, ga shi kowanne ka wuce inda aka ce a tsaya. Na mura kuma farasitamol ne a ciki. Ta tambaye ni ko ina haki, ko amai, ko jiri, ko bayan gidana ya yi baƙi, nace a'a sai dai cikina yana ɗan zafi. Tace ka yi sa'a kunnenka ne ya fara kai ƙara kafin cikinka ko ƙodarka. Ta sa aka ɗebi jini, aka sake gwada jina, ta tsayar da asfirin da ibufurofen ɗin nan take, ta bar ni da farasitamol kawai a kan ƙa'ida, ta kuma haɗa ni da likitan haƙorin da nake gudu a ranar.

An cire haƙorin. Kwana biyu toshewar ta buɗe, a na huɗu ƙugin injin ya tafi, gyare ya koma can nesa inda yake da. Ban taɓa tsammanin zanyi murnar jin tsohuwar ƙarata ba.

Bayan na samu kaina na zauna karance-karance, ni dai haka nake in abu ya cije ni sai na tona shi. Abin da ya fara bani mamaki shine wai wannan ba sabon labari bane ko kaɗan. Asfirin tun 1899 kamfanin Bayer na Jamus ya fito da shi kasuwa, kuma tun kafin shi ma an san sinadarin da ya samo asali daga gare shi, salisilet, yana sa kunne ƙara in ya yi yawa. Har ta kai a da, kafin a samu magungunan amosanin gaɓɓai na zamani, likitoci da kunnen majinyaci suke awo. Za su yi ta ƙara masa asfirin, ƙwaya 12 ko fiye a rana, har sai ya dawo yace likita kunnena yana ƙara, sai su ce yauwa an zo iyaka, su ɗan rage. Wato ƙarar ita ce mitar. Ni kuma ga shi na je na yi wa kaina irin wannan gwajin ba likita ba kowa.

Yanda abin yake faruwa kuwa yana da ban sha'awa. Can cikin kunne bayan dodon kunne da ƴan ƙasusuwan nan uku akwai wani ɗan abu naɗaɗɗe kamar katantanwa, girmansa bai wuce kan ƙaramin yatsa ba, cike da ruwa. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi a kai, kala biyu. Na layin ciki kusan 3,500 ne, su ke aika saƙon sauti zuwa ƙwaƙwalwa. Na layukan waje kusan 12,000, su aikinsu ƙara wa sauti ƙarfi, kamar amfilifaya, suna miƙewa suna tsukewa da saurin da hankali bazai ɗauka ba duk lokacin da sauti ya shigo. Abin da ke sa su wannan motsi wani furotin ne da ake kira prestin, a shekarar 2000 aka gano shi a jami'ar Northwestern ta Amurka a ɗakin binciken Peter Dallos. Toh salisilet in ya taru da yawa a jini sai ya je ya zauna a gurbin da sinadarin kuloraid yake zama a jikin wannan prestin, sai motsin ya yi sanyi, amfilifaya ta mutu. Wannan ita ce audugar da naji an cusa mini.

Ƙarar kuma fa? Ai ka san in kana sauraren rediyo tasha ta yi nisa muryar ta yi ƙasa, me kake yi, murɗa murya sama kake yi, sai shuuuu ɗin ya taso ya cika ɗaki. Haka ƙwaƙwalwa take yi. In saƙon da ke zuwa daga kunne ya ragu sai ta ƙara nata ƙarfin don ta kamo shi, sai ta fara jin hayaniyar jijiyoyinta da kanta. Bayan wannan akwai wata hanyar. Asfirin da ibufurofen da diklofenak da nafuroksen duk aikinsu ɗaya ne, suna toshe wani enzayim da ake kira COX wanda ke ƙera sinadaran furostagilandin masu kawo zugi da kumburi, John Vane na Ingila ne ya gano hakan a 1971 har ya samu kyautar Nobel a 1982. Matsalar ita ce waɗannan sinadaran ba zugi kaɗai suke kawowa ba, su ke kare bangon ciki daga asid, su ke taimakawa jini ya gudana a ƙoda, kuma suna da hannu a gudun jini a ƴan siraran jijiyoyin da ke ciyar da katantanwar nan. Ka ga ƙwayar bata san haƙori kake nufi ba, ko'ina take zuwa.

Wani abu da ya bani dariya, har ɓeraye an sa wa wannan ƙarar. A 1988 wani masani mai suna Pawel Jastreboff ya so ya san ko dabba tana jin tinitus, tunda ba yanda za ka tambayi ɓera. Sai aka riƙa kunna musu wata ƙara koyaushe, aka koya musu cewa duk sanda ƙarar ta ɗauke aka yi shiru to wani abu mara daɗi na tafe, don haka da an yi shiru sai su tsaya da shan ruwa. Waɗanda aka ba salisilet ba su daɗe ba suka watsar da tsoron suka koma shan ruwansu, sbd su ko an kashe ƙarar ba shiru suke ji ba. Har yau masu binciken tinitus da salisilet suke amfani in suna son jawo shi a dabba. Da na karanta wannan nace ashe ni da ɓerayen nan jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Daɗin abin dai shine irin wannan ƙarar ta yawan asfirin galibi mai wucewa ce, in an tsaya cikin kwana ɗaya zuwa uku take lafawa, domin gashin nan ba mutuwa yayi ba suma yayi. Ba kamar wasu magunguna masu ƙarfi na asibiti ba irin su jentamaisin ko sisfilatin na ciwon daji waɗanda suke iya kashe shi gaba ɗaya, shi kuma a jikin ɗan Adam in ya mutu baya sake tsirowa.

Amma fa duk wannan labarin wanda ya kwankwaɗi magani da yawa a ƴan kwanaki ne irin ni. Wanda ya fi damuna, kuma shine ainihin dalilin rubutun nan, shine ɗaya ɓangaren, mutumin da bai taɓa wuce ƙa'ida ba ko sau ɗaya amma kullum sai ya sha. Biyu da safe sbd baya, biyu da yamma sbd kai, yau da gobe, shekara da shekaru, ƙwayar tana cikin jaka ko aljihu ko durowar ofis kamar makulli. Na san irin su da yawa, kuma gaskiya kafin haƙorin ma ni kaina na kusa zama haka.

A kan waɗannan akwai wani bincike da Dakta Sharon Curhan da abokan aikinta na asibitin Brigham and Women's da ke Boston suka wallafa a 2022 a mujallar Journal of General Internal Medicine. Sun bi mata ma'aikatan jinya 69,455, masu shekara 31 zuwa 48 a lokacin da aka fara, na tsawon sama da shekara 20, suna tambayarsu lokaci-lokaci wane maganin ciwo suke sha da kwana nawa a sati, sannan suka duba su wa suka wayi gari da ƙarar kunne mai ɗorewa. Sama da 10,000 sun samu. Matan da ke shan dangin ibufurofen kwana 4 zuwa 5 a sati haɗarinsu ya fi na waɗanda shansu bai kai kwana ɗaya a sati ba da kusan kashi 17 cikin ɗari. Masu shan asfirin mai matsakaicin ƙarfi, wato miligiram 325 zuwa sama, kusan kullum, in shekarunsu basu kai 60 ba, kashi 16. Sai wanda ya fi ɗaure mini kai, farasitamol, wanda kowa yake ɗauka kamar ruwa, shi kashi 18. Kuma yanda kwanakin shan sa suke ƙaruwa haka haɗarin yake ɗan hawa. Shi farasitamol ba ta hanyar su asfirin yake bi ba, abin da masu binciken suke zato shine yana rage wani sinadari mai suna gulutatayon da ke kare ƙwayoyin cikin kunne daga lalacewa. Su dai wannan ayarin tun 2010 sun taɓa fitar da makamancin haka a kan maza kusan 27,000, a can raguwar ji suka duba, kuma suka ga alaƙar ta fi ƙarfi a waɗanda basu kai 50 ba.

Kafin wani ya je ya zubar da Panadol ɗin gidansu a kwandon shara, bari in ɗan ja birki, don na ga yanda mutane suke karanta irin waɗannan lambobi. Kashi 18 ba yana nufin mutum 18 cikin 100 zasu kamu ba. Misali kawai, in a cikin mutum 100 marasa sha 10 ne zasu samu ƙarar, to a cikin 100 masu sha kullum sai ya zama wajen 12. Ƙari ne, amma ba gobara bace. Na biyu, irin wannan binciken bin mutane ne ana kallo, ba a raba su gida biyu an ba wasu an hana wasu ba, don haka alaƙa yake nunawa, baya yanke hukuncin cewa ƙwayar ce ta jawo. Ka tambayi kanka, wa yake shan maganin ciwo kwana bakwai a sati? Mai ciwon kai na kullum, mai ciwon wuya, mai ciwon muƙamuƙi, wanda baya samun barci, wanda damuwa ta yi wa katutu. Duk waɗannan da kansu suna tafiya da ƙarar kunne ko ba magani. Masu binciken sun yi ƙoƙarin cire tasirin irin waɗannan abubuwa a lissafinsu, su da kansu kuma basu ce kowa ya daina sha ba, cewa suka yi a yi hattara da yawan sha na dogon lokaci a kuma tattauna da likita.

Ko a nawa labarin likitar ta faɗa mini haka. Tace maganin ne babban mai laifi amma ba shi kaɗai ba, sati guda baka yi barcin kirki ba, kana datse haƙora sbd zugi, ga mura ta toshe bututun da ya haɗa kunne da maƙogwaro. Ta ce in cije haƙorana da ƙarfi in saurara. Na cije, sai naji ƙarar ta ɗan hau sama ta canza murya. Tace ka gani, jijiyoyin muƙamuƙi da na wuya suna da mahaɗa da na ji a can gindin ƙwaƙwalwa, mutane da yawa masu tinitus in sun motsa wuya ko haɓa sai ƙarar ta canza. Ku masu ita ku gwada ku ji.

Akwai wani wauta da na kusa tafkawa da zafin sabon ilimi, gara in faɗa don kar wani ya maimaita. Mahaifina yana shan ƙaramin asfirin mai miligiram 75 kullum tun da zuciyarsa ta taɓa bashi matsala, likitansa ne ya ɗora shi a kai, kuma shi ma yana ɗan ƙorafin kunne irin na tsufa. Ina gama karatun nan na ɗauki waya nace Baba wannan ƴar ƙwayar da kuke sha da safe ita ke sa muku ƙarar kunne, ku ɗan ajiye ta mu gani. Yayi shiru, sannan yace, kai yaushe ka zama likita? Nace Baba ai karantawa nayi. Yace to ka ƙara karantawa, ni wanda ya bani shi zai karɓe. Na ji haushi a lokacin, amma da na koma kan binciken na Curhan sai ga shi ɓaro-ɓaro, ƙaramin asfirin mai miligiram 100 zuwa ƙasa ba a ga ya ƙara haɗarin ƙarar kunne ba ko da kullum ake sha. Kuma wanda aka ba don zuciya ko shanyewar ɓarin jiki in ya tsaya da kansa jini yana iya daskarewa ya toshe jijiya. Wato da Baba ya biye mini da na sa ya yi musayar kukan gyare da abin da ya fi ƙarfinmu duka. Na kira shi na bada haƙuri, yayi dariya yace Allah ya shirye ka. Abin da kawai na ƙara masa, kuma wannan likitansa ya tabbatar, shine kar ya riƙa ɗora ibufurofen a kai in gwiwa ta dame shi, domin yana iya tare wa ƙaramin asfirin ɗin hanya ya rage masa aiki, ga haɗarin zubar jini a ciki.

Wani tarkon kuma shine ɓoyayyen maganin da ke cikin magani, wanda shi ya kama ni. Sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe a gaban kwali sunan kasuwa ne, gaskiyar tana baya. Alka-Seltzer na asali asfirin ne a ciki. Excedrin na ciwon kai asfirin ne da farasitamol da kafin a haɗe. Pepto-Bismol da ake sha don ɓacin ciki shi ma ɗan gidan salisilet ne. Har man shafawa masu zafi na ciwon jiki da yawansu akwai metil salisilet, kuma fata tana tsotsa in an lafta da yawa a wuri mai faɗi. Magungunan mura kuwa kusan duk wanda ka ɗaga za ka tarar da farasitamol ko ibufurofen. Sai mutum ya rantse shi ƙwaya biyu kawai ya sha alhali jikinsa ya karɓi ninki. Ga babba mai lafiya iyakar farasitamol giram 4 ne a awa 24, wato ƙwaya 8 masu 500, kuma wuce wannan ba kunne bane abin tsoro, hanta ce. Ibufurofen in ba likita ne ya ce ba kar a wuce miligiram 1,200 a rana, ni ina kan 1,600 ga asfirin a sama. Yara ƴan ƙasa da 16 kuma ba a basu asfirin sam sai da umarnin likita.

Sai zagayen nan da nake ganin mutane da yawa masu ƙarar kunne suna faɗawa. Ƙarar ta hana ka barci, ka tashi da ciwon kai, ka sha magani, gobe haka, jibi haka. Toh akwai ciwon kai da maganin ciwon kai da kansa yake haifarwa, likitoci sun san shi sarai, in mutum yana shan irin su farasitamol ko ibufurofen kwana 15 ko fiye a wata, ko masu haɗe-haɗen nan kwana 10, har sama da wata uku, kan yana sabawa, da ƙwayar ta sake shi sai ya sara, kai kuma ka ɗauka ciwon ne ya dawo ka sake sha. Wasu ma don ƙarar kanta suke sha, suna ganin tunda maganin ciwo ne ai zai kwantar da ita. Bazai yi ba. Ƙarar ba zugi bace, kuma har yanzu hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka bata amince da ko ƙwaya ɗaya a matsayin maganin tinitus ba. Abubuwan da aka ga suna taimakawa sun haɗa da na'urar ƙara ji ga wanda jinsa ya ragu, da sanya wani sauti mai laushi a ɗaki da dare, da zama da masu ba da shawara kan yanda za a rage damuwar da ƙarar take jawowa.

Kuma ba kowace ƙara ake ɗora wa magani a zauna jira ba. In ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, wannan na gaggawa ne, a ranar ake zuwa asibiti don kwanakin farko su ne lokacin da magani yake iya dawo da shi. Haka in ƙarar a kunne ɗaya ce tak bata tafiya, ko tana bugawa daidai da bugun zuciya dum dum dum, ko ta zo da jiri mai kayarwa ko karkacewar fuska. Wanda kuma ya sha asfirin da yawa ya ga ƙarar ta zo da numfashi sama-sama da amai da gumi ko ya fara rikicewa, wannan guba ce ta taru a jini, ba a jiran gari ya waye.

Ni dai yanzu ban daina shan maganin ciwo ba, in na ce na daina ƙarya nake. In kai ya sara da gaske ina sha, iri ɗaya, mafi ƙanƙanta da zai yi aiki, kuma in ciwo ya kai kwana uku yana neman ƙwaya to shi zan kai a duba ba in ci gaba da rufe masa baki ba. Na cire sachet ɗin da ke zama a aljihun wandona, sbd na lura rabin shan da nake yi don yana kusa ne kawai. Sannan akwai kalanda a bayan ƙofar ɗakinmu, duk ranar da na sha sai in sa ɗigo da biro, in ƙarar ta fi ƙarfi a daren in ja layi a ƙarƙashi. Watan farko ɗigo tara na ƙirga, ni da nake cewa ai ni ba mai shan magani bane. Matata ce ma take tuna mini, da ta ga na ɗaga kofi sai tace ka sa ɗigon? Wannan watan muna 23 ga wata ɗigo biyu ne, layi ɗaya, shi ma layin daren da na kwana a gaban kwamfuta ne da iyafis a kunne.